Sauke motar gudu ba tare da taya ta ci fenda ba: tambayoyi da amsoshi

Duk wanda ya sauke motarsa, wato ya rage tsayinta daga ƙasa, ya san sautin nan: ka hau ɗan tudu ko ka karya kwana da gudu, sai ka ji "ƙirrr" daga ƙarƙashin fenda. Yawanci sifirin ake ɗora wa laifi, alhali galibi matsalar tun daga rim da taya ta faro. Ga tambayoyin da masu motocin gudu suka fi yi kafin su sayi sifirin na saukarwa, da kuma bayan sun ɗaura.

Mene ne bambancin sifirin na saukarwa da wanda mota ta zo da shi?

Ya fi gajarta idan nauyin mota ya hau kansa, kuma ya fi tauri. Ana cire na kamfani a sa shi a gurbinsa, sai jikin mota ya matso kusa da ƙasa, tazarar da ke tsakanin taya da fenda ta ragu. Amfaninsa biyu ne: kyan gani, da rage karkatar mota a kwana, tunda tsakiyar nauyinta ta yi ƙasa kuma sifirin ba ya lanƙwasawa da sauƙi. Kamfanonin da suka yi suna a wannan harka sun haɗa da Eibach da H&R na Jamus, da Tein da Swift na Japan.

To, sifirin ne ke sa taya gogar fenda?

A nan ne mutane da yawa suke ɓata lissafi, don haka bari mu ɗan tsaya. Ƙafar mota tana da hanyar da take bi idan tana hawa da sauka. Hannayen ƙafa da shokazoba (shok) ne suka zana wannan hanya, kuma iyakarta ta sama ita ce robar tokare, wato robar nan da ke jikin sandar shok wadda ke hana ƙarfe dukan ƙarfe. Sifirin ba ya canza wannan hanya. Abin da yake yi kawai shi ne ya zaɓi wurin da ƙafar za ta zauna a kanta idan mota na tsaye, da kuma ƙarfin da ake buƙata kafin ta kai ƙarshe.

Injiniyoyin kamfani sun auna tayar asali a kan rim na asali ta yadda ko ƙafar ta danne har robar tokare, tayar ba za ta ci jikin mota ba. Saboda haka idan rim ɗinka da tayarka na asali ne, kuma ba ka taɓa shok ko robar tokare ba, da wuya sifirin mai kyau ya jawo maka guga. Idan kuwa ka sa rim mai faɗi ko taya mai girma, akwai wani wuri a saman hanyar inda tayar za ta haɗu da fenda. Da sifirin na asali, ƙafar ba ta cika kaiwa wurin ba, sai a rami mai zurfi ko idan mota ta cika da mutane. Da ka sauke motar da milimita 30, ka kai ta bakin wurin ka ajiye, kowane ɗan tudu zai tura ta ciki. Gugar tana nan tun da farko, saukarwa ce ta tona ta.

Akwai togaciya guda. Wasu sifirin suna zuwa da gajeriyar robar tokare, ko takardarsu ta ce a yanke ta asali. Wasu shok ɗin ma gajeru ne. A nan iyakar sama ta matsa gaba da inda kamfanin mota ya ajiye ta, kuma ko tayar asali sai an sake gwada ta.

Milimita nawa ya kamata in sauke?

Ga motar da ake hawa kullum, tsakanin 20 zuwa 30 ya wadatar, musamman da yake motar gudu dama a ƙasa take fitowa daga kamfani. Yawancin sifirin na matsakaicin saukarwa, irin su Pro-Kit na Eibach, suna tsayawa ne a wajajen 25 zuwa 35. Da an wuce 40 an shiga wani babi: hannun ƙasa ya fara kallon sama, sitiyari yana iya fizga idan taya ta hau tudu, kuma shok na asali yana aiki a wurin da ba a ƙera shi dominsa ba.

Lissafin da ke bayan wannan mai sauƙi ne. A ƙaddara ƙafa tana da milimita 75 kafin ta taɓa robar tokare, kuma taurin sifirin nata niyuton 30 ne a kowace milimita. Tana iya shanye ƙarin niyuton 2,250 kafin ta kai ƙarshe. Ka sauke ta da 30, saura 45. Don ta shanye wannan ƙarfin a cikin milimita 45, sai taurin ya kai niyuton 50 a kowace milimita. Sifirin da aka yi don titi ba kasafai suke ƙara tauri har haka ba, domin mota za ta yi wuyar zama. Ma'ana, motar da aka sauke ta fi yawan ziyartar ƙarshen hanyarta, kuma can ne guga take.

Ka kuma duba wane samfurin motar aka auna da shi. Idan taka ta zo da ƙafar tsere daga kamfani wadda dama ta fi ta gama-gari sauka da milimita 10, sifirin da aka rubuta wa 30 zai ba ka kusan 20 ne kawai. Nauyin inji da na giya ma yana shiga lissafi, shi ya sa mota ɗaya take iya samun lambar sifirin fiye da ɗaya.

Me lambobin jikin rim suke nufi, kuma wacce ce ke jawo guga?

Za ka ga abu kamar 17x8J ET45. Lamba 17 girman rim ne da inci, 8 faɗinsa ne da inci, ET45 kuma ofset ne da milimita: nisan da ke tsakanin tsakiyar faɗin rim da fuskar da ke manne wa hob, wato cibiyar da ake ɗaura rim a kanta. Haruffan ET daga Jamusanci suka fito. Idan lambar ta ragu, rim yana fitowa waje wajen fenda. Idan ta ƙaru, yana shigewa ciki wajen shok.

Ga yadda ake lissafawa. Kana da 8J ET45, kana son 9J ET35. Inci ɗaya milimita 25.4 ne, rabinsa 12.7 zai tafi waje, rabi ciki. Ofset ya ragu da 10, wato dukan rim ya matso waje da 10. Gefen waje ya fito da 22.7 ke nan, gefen ciki kuma ya matsa kusa da shok da 2.7 kacal. Yanzu sai ka ɗauki ma'auni ka duba ko akwai milimita 23 tsakanin tayarka ta yanzu da leɓen fenda. A motoci da dama babu.

Toyota 86 da Subaru BRZ da suka fito a 2012 misali ne mai kyau. Sun zo da rim 17x7 ET48 da taya 215/45R17, siririya ƙwarai, an bar fili mai yawa a cikin fenda. Wannan filin ne ke sa masu su sa rim mai faɗin inci 9, sannan su sauke motar, sannan su zo suna tambayar wane sifirin ne ba ya guga.

Taya fa? Ai lambar da ke jikinta ta isa?

Lambar tana ba ka tsayi. A 225/45R17, faɗi milimita 225 ne, tsayin gefe kashi 45 cikin 100 na faɗin, wato kusan 101. Ka ninka biyu ka haɗa da inci 17 na rim, tsayin tayar gaba ɗaya ya kama kusan 634. Idan ka koma 225/40R18 za ka samu kusan 637, bambancin ba abin damuwa ba ne. Amma 245/40R18 tana kaiwa 653. Saman tayar ya matso kusa da rufin fenda da kusan milimita 10, kowane gefe kuma ya ƙaru da 10. Ka haɗa wannan da saukarwar 30, ka ga inda filin ya tafi. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce kada tsayin taya ya bambanta da na asali da fiye da kashi 3 cikin 100, saboda agogon gudu da na'urar birkin ABS. Ga motar da aka sauke, ni dai na fi son a tsaya kusa da sifili.

Sai dai lambar ba ta gaya maka siffar kafaɗar taya. Tayoyi biyu masu lamba 245 daga kamfanoni daban suna iya bambanta a ainihin faɗinsu. Tayoyin da aka yi don filin tsere sukan zo da kafaɗa mai kusurwa, su ne suka fi cin fenda, na titi kuma kafaɗarsu a zagaye take. Sau da yawa mutum zai yi shekara ba guga, ya canza taya da lamba iri ɗaya, guga ta fara.

Ina jin guga amma ban san daga ina ba. Yaya zan gano?

Lokacin da take faruwa shi ne shaida ta farko. Idan sai ka juya sitiyari har ƙarshe, kamar wajen fakin, to tayar gaba ce ke taɓa robar cikin fenda, a gaba kusa da bamba ko a baya kusa da ƙofa. Wannan alamar tayar ta yi tsayi ko rim ya fito waje da yawa ce, kuma sifirin ba shi da hannu sosai a ciki. Idan a kan tudu ne kana tafiya miƙe, ko idan an zauna a baya, leɓen fenda ne ko wurin da bamba ke haɗuwa da fenda, inda galibi akwai ɗan kunne da ƙusa. Idan a kwana ne da gudu, tayar da ke wajen kwanar ce ke dannewa. Idan kuwa sautin bai tsayawa ko a titi mai santsi, ka tsaya nan take, domin wataƙila gefen ciki ne ke gogar shok ko mazaunin sifirin.

Daga nan ka cire tayar ka haska fitila. Wurin guga yana yin ƙyalli, ko ka ga baƙin roba a jikin fenti. Idan ba ka ga komai ba, shafa alli a leɓen fenda da robar ciki, ka zagaya da motar, ka dawo ka ga inda allin ya goge.

Akwai gwajin da zai tabbatar mini kafin in hau titi?

Akwai, kuma ranar ɗaura sifirin ce ta fi dacewa da shi, tunda dama an kwance ƙafar. A cire sifirin, a mayar da shok da robar tokarensa ba tare da sifirin ba, a ɗaura taya. Mota na kan tsayayyun ƙafafun ƙarfe, sai a sa jak a ƙarƙashin hannun ƙafa a ɗaga a hankali har robar tokare ta matse sosai. A wannan matsayi a juya taya da hannu, a juya sitiyari dama da hagu har ƙarshe, a duba ko'ina. Abin da ka gani nan shi ne mafi munin halin da tayar za ta shiga. Ka bar wa kanka aƙalla milimita 5 ta kowane ɓangare, domin a kwana taya tana lanƙwasawa, bushin ma, wato robar da ke mahaɗar hannun ƙafa, yana motsi.

Gefe ɗaya a gaba da gefe ɗaya a baya sun isa a yawancin motoci. Bakanike zai ce ƙarin aiki ne, kuma gaskiyarsa, amma ya fi a gano da fenti.

Sifirin mai tauri ɗaya ko mai ƙaruwar tauri?

Mai tauri ɗaya, ƙarfinsa bai canzawa daga farkon matsewa har ƙarshe, don haka direba ya san abin da motar za ta yi a kowace kwana. Mai ƙaruwar tauri yana da zagaye masu kusa da juna a gefe ɗaya: da laushi yake farawa, ya taurara idan an danne shi. Yawancin sifirin na titi irin na biyun ne, domin sun fi daɗin zama kuma ba sa sakin mazauninsu idan ƙafa ta rataye. Dangane da guga, kada ka dogara da ɗayansu. Tauri yana rage yawan faruwarta ne kawai.

Zan iya barin shok na asali?

Idan saukarwar ba ta wuce 25 zuwa 30 ba kuma shok ɗin da sauran ƙarfinsa, za ka iya. Amma tsohon shok da sabon sifirin mai tauri ba sa jituwa: motar za ta riƙa tsalle bayan kowane tudu, ƙafar ta riƙa nutsewa fiye da kima, guga ta ƙaru. Akwai shok da aka yi musamman don gajeren sifirin, kamar Bilstein B8, ga kuma Koni Sport da mutane da yawa ke haɗawa da su. Tunda aikin kwancewar ɗaya ne, idan shok ɗinka ya yi tafiya mai nisa, canza su tare.

Dabara ɗaya: ɗaura siririyar igiyar roba mai maƙalewa a jikin sandar shok, ka tura ta ƙasa. Bayan tafiya, inda ta tsaya shi ne iyakar nutsewar shok ɗin. Idan kullum a jikin robar tokare kake samunta, motar ta sauka fiye da ƙarfin sifirin.

Dole ne a yi saitin ƙafa bayan an sauke?

Dole ne. Saukarwa tana sa saman taya ya karkata ciki, abin da ake kira kamba, tana kuma canza yadda gaban tayoyin ke tsukewa ko buɗewa. Na biyun ne ke cinye taya cikin ɗan lokaci, ko da yake kamba ake zargi saboda ita ido ke gani. A ɗan yi tafiya da motar tukuna sifirin ya zauna, sannan a yi saitin.

Kamba tana taimakawa wajen rage guga, tunda tana shigar da kafaɗar taya ƙarƙashin fenda. A taya mai tsayin milimita 634, digiri ɗaya yana matsar da samanta ciki da kusan milimita 5 zuwa 6 idan aka auna daga tsakiyar hob. Motoci masu hannu biyu sama da ƙasa, kamar Mazda MX-5, suna ƙara kamba da kansu yayin da ƙafa ke nutsewa, shi ya sa tayarsu ke shigewa da kyau. Masu sitrot irin na MacPherson a gaba, wato shok da sifirin a haɗe da ke riƙe ƙafar ba tare da hannun sama ba, ba sa ƙarawa sosai. A irin waɗannan, ka lura da abin da za ka sa: notin kamba na ƙasa yana karkato taya kusa da jikin sitrot, farantin kamba na sama kuwa yana karkata su tare, tazarar da ke tsakaninsu ba ta raguwa.

Wani abin da ake mantawa: notocin hannayen da ke da bushin roba, a ɗaure su ne lokacin da nauyin mota yake kan tayoyinta. Idan aka ɗaure su ƙafa na rataye, robar za ta zauna a murɗe, motar ta ƙi sauka daidai, bushin ya mutu da wuri.

Gefe ɗaya ne kawai ke guga a baya. Sifirin ne bai yi daidai ba?

Auna tukuna, daga tsakiyar hob zuwa leɓen fenda, a ƙasa mai shimfiɗe. Bambancin 'yan milimitoci ba laifi ba ne. Idan motarka mai aksul guda ce a baya, kamar Ford Mustang na 2005 zuwa 2014, to sandar Panhard ce. Wannan sanda a karkace take haɗa aksul da jikin mota, don haka da an sauke motar sai aksul ɗin ya gusa gefe guda, taya ɗaya ta fito waje, ɗayar ta shige. Maganinsa sanda mai saiti. Daga 2015 Mustang ta koma ƙafar baya mai zaman kanta, wannan matsalar ta kau.

Naɗe leɓen fenda yana da haɗari?

Leɓen fenda ƙarfe ne da aka lanƙwaso ciki. Ana ɗaura wata na'ura mai gargare a jikin hob, a dumama fenti da bindigar zafi, a riƙa danna leɓen sama a hankali har ya kwanta. Ana samun milimitoci da dama ta haka. Haɗarinsa fenti ya tsage, ruwa ya shiga, tsatsa ta biyo baya, kuma ba a mayar da shi yadda yake. Fendar alminiyom ta fi ta ƙarfe saurin tsagewa. Jikin Chevrolet Corvette kuwa ba ƙarfe ba ne, ba ya naɗuwa sam. Ita Corvette ɗin ma, daga samfurin C5 zuwa C7, ba ta amfani da sifirin mai zagaye: sifirin ɗinta shimfiɗaɗɗe ne a gicciye, da noti ake sauke ta.

A wurina naɗe fenda shi ne mataki na ƙarshe, bayan an gwada taya mai ƙarancin faɗi da ɗan ƙarin kamba.

Sifesa fa?

Sifesa, wato farantin da ake sawa tsakanin hob da rim don a fito da rim waje, tana maganin gugar ciki, tana ƙara ta waje. Sifesa mai kaurin milimita 10 daidai take da rage ofset da 10. Idan za ka sa, ta zama mai zama daram a kan hob, kuma a tabbata zaren noti ya kama sosai, in ya kama a sa dogaye a sa.

Me zai hana in yanke sifirin na asali kawai?

Yankakken sifirin yana ƙara tauri kaɗan, amma bai kai yawan tafiyar da aka rasa ba. Bakinsa ba ya zama daidai a mazauni, kuma yana iya ficewa idan ƙafa ta rataye. Gasa shi da wuta ya fi muni, domin zafi yana kashe ƙarfin ƙarfen, ya ci gaba da lotsawa har ya karye. Ko wajen canza lafiyayyen sifirin ma, a yi amfani da na'urar matse sifirin ta gaske, domin matsattsen sifirin idan ya kuɓuce yana iya kashe mutum.

Ba gara in sayi koyiloba ba?

Idan ka riga ka sa rim mai faɗi kuma kana neman tsayi na musamman, gara koyiloba, wato shok da sifirin a haɗe masu saitin tsayi, tunda kana iya ɗaga motar da milimita 5 idan ta yi guga, abin da sifirin ba zai ba ka ba. A ƙafar MacPherson ma, siririn sifirin ɗinta yakan ƙara fili ta ciki. Amma koyiloba mai arha ta fi sifirin mai kyau da shok mai kyau muni a kan titi. Idan milimita 25 kake so a kan rim na asali, sifirin ya ishe ka.

Guga kaɗan ce, sai jefi-jefi. In ƙyale ta?

Ya danganta da abin da tayar ke taɓawa. Idan robar cikin fenda ce, ana dumama ta a tura baya, ko a yanke wurin. Sai dai ka leƙa bayanta tukuna, domin a wasu motoci wayoyin lantarki ko tankin ruwan gilashi suna nan. Idan ƙarfe ne, kada a ƙyale. Leɓen fenda kamar wuƙa yake ga gefen taya, kuma gefen taya ba a yi masa faci. Da zarar ka ga yanka mai zurfi, ko zare ya bayyana, ko kumburi, tayar ta gama aiki.

Motata tana da shok mai lantarki da na'urori. Akwai abin da zan kula da shi?

Motoci masu shok irin MagneRide ko PASM na Porsche suna buƙatar sifirin da aka rubuta cewa ya dace da su, kuma lambarsa takan bambanta da ta mota maras wannan tsarin. Yawancin motoci masu fitilar da ke saita kanta suna da ɗan ma'aunin tsayi a jikin hannun ƙafa. Bayan saukarwa a sake saita shi da kwamfuta, in ba haka ba fitilar za ta riƙa haska ƙasa kusa da bamba ko ta shiga idon masu tahowa. Kyamara da radar gaba ma suna iya buƙatar sabon saiti. Ta fuskar doka kuma ƙasashe sun bambanta: a Jamus sifirin sai ya zo da takardar amincewa, kuma a lokuta da dama sai masu binciken mota irin TÜV sun duba aikin an shigar da shi cikin takardun motar. A wurare da dama kamfanin inshora yana so a sanar da shi duk wani canji a ƙafar mota, don haka ka karanta yarjejeniyarka kafin ka ɗaura.